Ƙafar Direban Ƙwai

Shekara talatin da huɗu ya yi yana ɗaukar ƙwai daga gidan kaji zuwa kantuna, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin tayarsa ta yi ƙara a kan kwalta. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a wurin aiki. Lallaɓa ake ce masa, masu kunya su ce Baba Lallaɓa. Tun yana hango mahaɗar hanya daga nesa yake ɗage ƙafa daga totur, ya bar mota ta ƙarasa da kanta, kafin ya iso gudun ya mutu, birki kuwa sai dai ya shafa shi kamar mai shafa kan jariri. Direbobin da ke bayansa su yi ta hon, wasu su leƙo su zage shi. Ko a jikinsa. Wanda bai taɓa buɗe bayan mota ya tarar da kiret arba'in sun fashe gwaiduwa na bin ƙasa ba, ba zai gane dalili ba. Shi ya gani sau ɗaya, a shekararsa ta farko, kuma bai nemi ya sake gani ba.

Ana nan sai aka kawo fararen motoci uku masu aiki da lantarki, aka jera su ƙarƙashin wata sabuwar rumfa da aka rufe da farantan sola. Manajar gidan ce ta dage sai an saye su. 'Yar mai gidan kajin ce, yarinyar da Lallaɓa ya sha ajiyewa a ƙofar makaranta tana riƙe da jakarta, yanzu ta girma ta karɓi ofis. Ubanta da ƙyar ya yarda, kuma tun ranar da motocin suka iso yake ƙunƙuni.

Yana da dalili. Hanyar tudu ita ce mafi tsawo a aikin gidan: kantuna tara, na ƙarshe a can saman tudu kusa da injin da ake niƙa abincin kaji. A kai ƙwai, a loda buhuna, a dawo. Wanda ya sayar da motocin ya rantse caji ɗaya zai kai ya dawo. Aka ba da ɗaya ga wani direba da ake kira Guguwa, ɗan shekara talatin, mai tuƙi kamar ana bin sa. Ya fita ranar Litinin, mota ta mutu saura kilomita goma sha ɗaya a iso gida. Ya sake ranar Laraba, ta mutu kusan a wuri ɗaya, gaban rumfar wani mai faci. Duk sau biyun tsohuwar motar Lallaɓa mai hayaƙi ce ta je ta jawo ta da igiya, mutane na nunawa suna dariya.

Ranar Alhamis Manaja ta kira Lallaɓa ofis. Ta miƙe ta ba shi kujera, ta yi ta gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Baba, ka san tsohuwar motarka sayar da ita za a yi," ta ce. "Sababbin nan kuwa komai nasu a allo yake, rubutu birjik. Na ga kamar lokaci ya yi da za ka huta. Mai gadinmu zai koma gida ƙarshen wata. Kujera ce da inuwa, kuma ba za a rage maka komai ba."

Lallaɓa ya dubi taga. Daga nan ana hango kujerar, wadda aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya.

"Wato in riƙa buɗe wa Guguwa ƙofa."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Na san ba haka kike nufi ba, amma haka zai kasance. 'Yata, sau biyu na jawo farar motar nan da igiya. Bari in ga yadda take in ba a ɗaure ba. Ba ni makullinta gobe in yi hanyar tudu. In ta dawo da ƙafarta, ki bar ni a sitiyari. In igiya ce ta dawo da ita, ni da kaina zan je in zauna a kujerar can, ba sai kin sake magana ba."

"Rubutun fa?"

"Lamba dai na iya karantawa. Nuna mini wadda ke faɗin abin da ya rage a cikinta, sauran ku riƙe abinku."

Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: Bakaniken gidan zai bi shi, da igiya.

Da ya koma gida da yamma ya tarar da mai ɗakinsa tana fifita gawayi a dutsen guga, don an ɗauke wuta tun safe. Ya gaya mata. Ta ɗora dutsen a kan rigar aikinsa ta ce, "In dai irin wutar gidan nan ce za ta kai ka tudu, ka tafi da takalmin da ba ya cin ƙafa."

"Ba wutar gari ba ce. Daga rana ake tara ta."

"To Allah Ya sa rana ta fi masu wuta cika alkawari." Ta juya rigar. Can ta sassauta murya. "Malam, gadi fa ba abin kunya ba ne."

"Ga wanda ƙafarsa ta gaji, ba abin kunya ba ne. Tawa ba ta gaji ba."

Washegari da sassafe aka loda kiret-kiret, Lallaɓa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa ya ji sun zauna. Manaja ta nuna masa lambar a kusurwar allo: ɗari cif. Bakanike ya shigo yana nishi, gajere mai tumbi, ya ɗora igiyar a cinyarsa don kowa ya gani.

Sun fita ƙofa sun hau titi kafin Bakanike ya ce, "Yaya, wai ta tashi kuwa?"

"Ga shi muna tafiya."

"Mota ba gurnani, ba wari, ba ɗigon baƙin mai. Na buɗe gabanta jiya, wallahi kamar na buɗe firji. Ba fulogi, ba kafireta. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyon sauraren inji, rana ɗaya a kawo masa bebiya a ce ya yi jinyarta."

Lallaɓa kuwa hankalinsa na ƙafarsa. Mahaɗar farko na gaba. Ya ɗage ƙafa tun daga nesa kamar kullum, sai ya ji motar ta riƙe kanta a hankali, kamar wani ya kama ta ta baya da tattausan hannu. Ta zo ta tsaya daidai inda yake so, ko birkin bai taɓa ba. Ya kasa kunne bayan mota. Ko ƙwai ɗaya bai motsa ba. Ya gyara zama.

"Kuma wai don a rage hayaƙi," Bakanike ya ci gaba. "Wutar da gari ke sha daga ina take? Can wani wuri ana ƙona wani abu. Hayaƙin ƙaura kawai ya yi, ya bar salansar mota ya koma unguwar wasu."

"Tamu daga rufin rumfa take."

"Yau ke nan. Bari a yi kwana uku da hadari ka gani. Ni da ni ne gwamnati, fetur zan sauke wa farashi kowa ya huta, a daina wannan gwaje-gwajen."

"Da kai ne gwamnati da tuni an kwance ta ana neman inda notuna suka shiga. Kai da kullum in ka haɗa inji sai uku sun yi saura."

"Waɗannan ai kamfani ne ke sa su fiye da buƙata."

Haka suka yi ta tafiya, Bakanike na gyara duniya da baki, Lallaɓa na gyara ƙafa. Bai wuce gudun da ya saba ba. Babura suka wuce shi, manyan motoci suka wuce shi, wani ma ya leƙo ya tambaya ko gawa aka ɗauko. A kanti na huɗu, matar da ke da shi ta fito tana fifita da kwali tana karɓar kaya.

"Wannan zafi dai, Baba," ta ce. "An ce duniya ce ke ɗumama."

"Tun muna yara ake zafi," in ji Bakanike. "Masu sayar da sola ne suka ƙirƙiro maganar don kayansu su shiga."

Matar ta dubi Lallaɓa. Ya ajiye kiret na ƙarshe a hankali kafin ya yi magana.

"Ni ban san duniya ba, ban taɓa zagaya ta ba. Ƙwai na sani. Da, wata biyu kaji ke rage saka saboda zafi, yanzu sai su yi huɗu. Ɓawon ma ya rage kauri. Wanda da zai jure rami, yanzu tsakuwa ka taka sai ya tsage. Kaza kuwa ba ta sauraren rediyo, kuma ba ta da sola da za ta sayar."

Matar ta yi dariya har ta jefar da kwalin. Bakanike ya ce kajin yanzu ne ba su da juriya, kamar yaran yanzu.

Rana ta take tsaka suka isa saman tudu, suka sauke ƙwan kanti na tara. Lamba ta nuna arba'in da shida. Bakanike ya leƙa ya ce a nan Guguwa ashirin da takwas ya rage masa, ya faɗa kamar wanda aka tilasta wa shaida. Suka ƙarasa injin niƙa, ana loda buhu ashirin, sai mai injin ya fito yana karkaɗe gari daga hannunsa.

"Ta sabuwar hanya za ku koma? Ku manta. Ruwan da aka yi ɗazu a can gabas ya cika rafi ya haye ƙaramar gada, an tare hanya. Ruwa a wannan watan, ban taɓa gani ba. Sai dai ku bi tsohuwar hanya ta bayan tudu."

Lallaɓa ya san ta. Ita ya bi shekara goma kafin a yi sabuwar. Ta fi tsawo da kilomita talatin. Ya yi lissafin da kowane direba zai yi: zuwa ya ci hamsin da huɗu, ga arba'in da shida a hannu, ga hanya ta ƙaru, ga nauyi ya ƙaru. Kujerar nan mai ɗaurin waya ta zo ta tsaya masa a ido.

"Yaya, ba laifinka ba ne," Bakanike ya ce, kuma a karon farko ba tsokana a muryarsa. "Mu sauke buhunan nan, nauyi zai cinye batir. Ko in buga waya Guguwa ya taho da tsohuwar mota ya jira mu a hanya. Manaja za ta gane."

"An aiko ni in kai ƙwai in kawo buhuna. In na bar rabin aiki a nan na je na ce na yi, kaina na yaudara. Mayar da wayarka aljihu."

Ya kashe na'urar sanyi, ya sauke gilasai, suka kama hanya. Ɗan hawan farko ya mayar da lambar arba'in da biyu. Daga nan gangara ta fara, doguwa mai kwana-kwana, dutse a hagu, rami a dama. Ya san kowace kwana kamar ɗakunan gidansa. Yana ɗage ƙafa tun kafin kwanar ta bayyana, motar na riƙe kanta, buhuna na turawa ta baya, ita tana ƙin sakin jiki. Birki yana nan ƙarƙashin ƙafarsa ba aikin yi.

A kwana ta biyar ya saci kallon allon. Arba'in da uku.

Ya ɗauka idonsa ne. A kwana ta tara ta ce arba'in da huɗu. Ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa allon, yadda ake yi wa gejin mai in allurarsa ta maƙale. Ta ce arba'in da biyar.

"Kai, dubi nan."

Bakanike ya sa tabarau ya duba, ya cire, ya girgiza kai irin na wanda ya san aikinsa. "Ta lalace. Geji ne ya rikice. Na faɗa tun ranar da aka kawo su."

"Tanki ba ya cika kansa," in ji Lallaɓa.

"Ko kusa. Ka ga abin da ya ci Guguwa ke nan. Tana nuna maka akwai, alhali babu."

To, yanzu ba shi da lambar da zai dogara da ita. Sai ya koma ga abin da ya sani. Ya riƙe arba'in da biyu a kansa, yana ragewa da kansa gwargwadon tafiya, kuma yana ragewa da yawa don kada ya ruɗi kansa. Da suka sauka fili ya ƙara tausasa ƙafa. Inda ruwa ya bar laka ya bi sawun manyan motoci. Inda ya hango ana tsayawa ya rage tun daga nesa don kada ya tsaya sam, ya iso daidai lokacin da hanya ta buɗe. Zufa ta jiƙa rigar da aka goge masa jiya. Bakanike ya fara wata magana a kan masu haƙar man fetur, ya kai tsakiya, ya bari.

Tsohuwar hanya tana haɗuwa da sabuwa ne gaban rumfar mai facin nan. A lissafin kan Lallaɓa, a nan ya kamata motar ta mutu. Mai facin ya gane farar motar, ya miƙe da guduma a hannu ya ɗaga murya, "Yau ba igiya?"

Allo ya ce goma sha tara. Lallaɓa bai yarda ba. Ya riƙe sitiyari yana jiran ya ji ƙarfinta ya tsinke. Kilomita ɗaya. Biyu. Ba ta tsinke ba.

"Daure, 'yar albarka," aka ce a gefensa a hankali. Ya waiga. Bakanike ne, yana shafa gaban motar da tafin hannu. "Daure. Saura kaɗan. Kada ki ba mu kunya gaban yaran nan."

"Da bebiyar kake magana?"

"Tuƙa motarka, Yaya."

Da yamma liƙis suka shigo layin gidan kaji. Ma'aikata sun taru a harabar, don labarin gada ya riga su isowa. Guguwa na zaune a tsohuwar mota ya tayar da ita, hayaƙi na tashi, jira kawai yake a ce ya tafi ya jawo. Duk sun ba ƙofa baya suna sauraren Manaja da ke ta gwada kiran wayar Bakanike. Farar motar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ba wanda ya ji zuwanta. Lallaɓa ya bar su haka na ɗan lokaci. Sannan ya danna hon, sau ɗaya.

Mai gadi ya zabura har kujerar ta kife. Aka buɗe ƙofa. Masu loda kaya suka biyo motar suna buga gefenta da hannu har ƙarƙashin rumfa. Guguwa ya kashe tsohuwar mota ya sauko a sanyaye. Bakanike ya fito, ya naɗe igiyar, ya rataya masa a wuya.

Lallaɓa ya sauko a hankali, ya miƙa wa Manaja makulli.

"Ga motarki. Ƙwai sun isa ba wanda ya tsage, buhu ashirin na baya, kuma da ƙafarta ta dawo. Amma ba zan ɓoye miki ba, gejinta ya lalace. Kada ki dogara da goma sha huɗun da take nunawa. A gangara ƙaruwa lambar ta yi ta yi, da idona na gani."

"Ni shaida ne," in ji Bakanike. "A matsayina na mai sana'a, rikicewa ce."

Manaja ta dube su, ta dubi allon, sai ta sa hannu ta rufe baki. Dariyar ta fi ƙarfinta har sai da ta jingina da motar.

"Baba, ba ƙarya ta yi maka ba. Haka aka ƙera ta. In ka ɗage ƙafa ka bar ta ta rage gudu da kanta, juyin tayar ne ke mayar da caji cikin batir. In ka zo a guje ka danne birki, duk ya tafi a banza. Buhunan ma da suka yi ta turo ka a gangara, taimakonka suka yi. Mai sayarwa ya yi mana bayanin nan awa biyu. Guguwa na kujerar gaba, har rubutawa ya yi."

"Na ji bayanin, ranki ya daɗe," in ji Guguwa, igiya a wuya. "Ƙafar ce ba ta ji ba."

"Ni ban ji ba," Lallaɓa ya ce.

Dariyar Manaja ta tsaya. Ita ce ba ta sa sunansa cikin masu zuwa bayanin ba, don tun lokacin ta riga ta zaɓa masa kujera. Ta sunkuyar da kai.

Lallaɓa ya juya ya dubi motar daga gaba har baya.

"Wato shekara talatin da huɗu ana zagina a hanya, ashe motata ce ba a ƙera ba tukuna."

Ta kama makullin da hannu biyu ta mayar masa a tafinsa. "Taka ce, Baba. Kuma ina roƙon alfarma. Sauran biyun ma ba za su yi hanyar tudu ba sai an koya wa masu tuƙa su. Ka koya musu."

"Ba ni da allo, ba ni da bayani."

"Yi yadda ka ga dama."

Da ya isa gida mai ɗakinsa ta dubi takalminsa kafin ta dubi fuskarsa. Ba ƙura a jikinsu. Ta karɓi rigar ta fita, can ya ji tana 'yar waƙa a tsakar gida.

Ranar Litinin Guguwa ne a sitiyari. Bakanike na bakin rumfa yana gaya wa masu loda kaya cewa har yanzu yana kan bakansa, hayaƙi ƙaura ya yi, alhali tun safe ya riga ya shiga ofis ya nemi a tura shi koyon aikin batir. Lallaɓa ya shigo gefen direba sanye da farar riga sabuwar guga. Ya ɗora tiren ƙwai talatin a buɗe a kan cinyarsa, ya naɗe hannu.

"Baba, wannan fa?"

"Bayaninka ke nan. In suka fashe, rigata ce, kuma kai za ka wanke ta a tsakiyar harabar nan kowa na kallo. Mu je."

Suka fita ƙofa kamar masu tafiya a kan ruwa. Ba su yi nisa ba wani ya manne musu a baya yana hon ba ƙaƙƙautawa. Lallaɓa ya ga gwiwar Guguwa ta motsa.

"Bar shi ya yi," ya ce. "Ba shi zai wanke rigar ba."